Alhaji Muhammadu Ribadu, Malamin Makaranta Da Ya Riƙe Linzamin Soja

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, a wannan fitowa ta mujallarmu ina so in ba ku tarihin wani mutum wanda ya fara neman abincinsa da alli da allo kamar yadda mu ke yi, ya kuma ƙare yana riƙe da ma'aikatar da ke kula da sojan Nijeriya gaba ɗaya. Mutumin nan shi ne marigayi Alhaji Muhammadu Ribadu, wanda ya zama Ministan Tsaro a shekarar da ƙasar nan ta sami mulkin kai, watau 1960, ya zauna bisa wannan kujera har ran da ya rasu cikin 1965. Bai taɓa sa kaki ba, bai taɓa yin faretin kurtu ba, amma duk da haka Janar da Birgediya su kan ƙame su sara masa. Na zaɓe shi ne domin na lura yawancinmu mun san labarin Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo, amma in ka tambayi ɗan aji ko wane ne Ribadu sai ya ce maka sunan bariki ne a Kaduna, ko kuwa sunan titi a Ikko. Alhali kuwa aikin da aka ɗora masa yana cikin mafi nauyi a gwamnatin wancan zamani.

Kafin in shiga tarihinsa bari in ɗan bayyana wannan aiki, don na san akwai masu ɗaukar Ministan Tsaro kamar wani babban soja ne. A tsarin mulkin da jama'a ke zaɓen shugabanninsu, soja ma'aikatan gwamnati ne kamar malaman makaranta da na asibiti, sai dai su an damƙa musu bindiga. To, da ya ke wanda ke riƙe da bindiga ya fi ƙarfin wanda ba shi da ita, sai aka tsara cewa wani mutum farar hula, wanda jama'a suka zaɓa, shi zai tsaya a kansu. Shi ne zai je gaban majalisa ya roƙo musu kuɗi, shi zai amsa tambaya in an kashe kuɗin ba bisa ƙa'ida ba, da shi a ke shawarar wanda za a ɗauka da wanda za a ƙara wa girma, kuma ta hannunsa da na Majalisar Ministoci umurni ke isa bariki. Hafsoshi su suka san dabarun yaƙi. Amma ko za a yi yaƙin ko ba za a yi ba, da wanda za a yi da shi, wannan shawara ta waɗanda jama'a suka zaɓa ce. Soja kamar ingarman doki ne, ministan kuwa shi ke riƙe da linzami a madadin mai dokin, watau jama'ar ƙasa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu Ribadu wajen shekara ta 1910 a ƙasar Adamawa. Bafillace ne, mahaifinsa kuwa shi ne hakimin Balala, wata gunduma da ke kusa da Yola. Sunan nan Ribadu sunan gari ne a can Adamawa, gama a lokacin an saba kiran ɗan makaranta da sunan garinsu, kamar yadda aka yi wa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Ya fara da karatun allo, sa'an nan aka sa shi makarantar boko a Yola. A wancan zamani iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu su ke yi kada a kai su boko, saboda haka 'ya'yan hakimai da na ma'aikatan sarki su aka fi kamawa. Da ya gama Midil ta Yola sai aka ɗauke shi koyarwa a makarantar da ya fito.

Daga aji sai aka mai da shi baitulmalin En'e ta Adamawa, ya yi ta ci gaba har ya zama ma'aji. Wanda bai san zamanin En'e ba ba zai gane girman wannan matsayi ba. Harajin ƙasa da jangali duk a hannun ma'aji su ke taruwa, daga nan a ke biyan hakimai da alƙalai da dogarai da malaman makaranta, kuma kowace shekara sai ya tsara kasafin kuɗi ya kai gaban Lamiɗo da majalisarsa da Razdan. In anini ya ɓace shi za a tambaya. Ni a ganina waɗannan ayyuka biyu su suka gina shi. A aji mutum ya kan koyi tsai da yara arba'in da murya kaɗai. A baitulmali kuwa ya kan koyi cewa kowace ma'aikata, kome ƙarfinta, da kuɗin talakawa ta ke tafiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya je Ingila ya ƙaro ilmi kan sha'anin mulkin ƙananan hukumomi.

Shigarsa siyasa

Cikin 1947 aka buɗe Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, Ribadu yana cikin wakilanta. Da aka kawo sabon tsarin mulki na zamanin Gwamna Macpherson, aka yi zaɓe cikin 1951, sai ya tafi Majalisar Wakilai ta Ikko. Cikin 1952 aka naɗa ministocin tsakiya na farko, Arewa ta ba da mutum huɗu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shettima Kashim Ibrahim, da Sarkin Katsina Usman Nagogo, da Muhammadu Ribadu, wanda aka ba ma'aikatar albarkatun ƙasa. Daga baya ya riƙe ma'aikatar filaye da ma'adinai da wutar lantarki, ya kuma riƙe ta al'amuran birnin Ikko. A taron jam'iyyar NPC na 1954 aka zaɓi Sardauna shugaba, Abubakar mataimaki na ɗaya, Ribadu mataimaki na biyu.

Da ya ke Sardauna ya zaɓi ya zauna Kaduna yana Firimiyan Arewa, sai nauyin jam'iyya a Ikko ya faɗa kan mutanen nan biyu. Halinsu kuwa ya bambanta. Abubakar mutum ne mai sanyin hali da daɗin lafazi, ba ya son tashin hankali. Ribadu kuwa an san shi da tsayuwa kan magana da rashin tsoro, in ya ce a'a ba a sake tayar da zancen. Shi ke tattara wakilan Arewa a majalisa, shi ke sasanta tsakanin Kaduna da Ikko in an sami saɓani, don yana cikin 'yan kaɗan da ke iya gaya wa Sardauna abin da ba ya son ji. Har laƙabi aka yi masa da Turanci, ma'anarsa mai iko a kan masu iko. Wannan hali nasa shi ya sa, da aka zo neman wanda za a ba amanar soja, ba a yi dogon nema ba.

Rundunar da ya gada

Sojan Nijeriya sun girmi Nijeriya kanta. Tushensu yana komawa ga 'yan mutanen da wani hafsan jirgin ruwa na Ingila mai suna Glover ya tara a Ikko cikin 1863, waɗanda a ke kira Hausawan Glover. A ƙarshen wancan ƙarni Lugard ya kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Sun yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas a yaƙin farko, sun je Habasha da Bama a na biyu. Shekaru da yawa Hausa ce harshen bariki, ko da sojan Batibi ne ko Babarbare ko Bayarabe. Amma a duk tsawon wannan lokaci rundunar ta Turawa ce. Daga London a ke ba ta umurni, talakawa kuwa suna kallonta da tsoro, iyaye ba su so ɗansu mai ilmi ya shiga. Sai ran 1 ga Afrilu 1958 Ingila ta miƙa ta ga Gwamnatin Nijeriya.

Sa'ad da Ribadu ya karɓi ma'aikatar, rundunar ƙasa bataliya biyar ce, mutanenta wajen dubu bakwai. Babban kwamandanta Bature ne, kuma hafsoshi 'yan ƙasa ba su kai rubu'in hafsoshin duka ba. Sojan ruwa ƙanana ne ƙwarai, na sama kuwa babu su sam. Ko harsashi daga waje a ke sayowa. Ga shi kuma yawancin ƙananan soja daga Arewa su ke, amma yawancin hafsoshi 'yan ƙasa daga Kudu, musamman Jihar Gabas, domin can makarantun sakandare suka fi yawa. Wannan ita ce gonar da aka ba shi ya nome.

Abin da ya fara cin karo da shi shi ne yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila a daidai lokacin mulkin kai, wadda ta ba jiragen saman yaƙin Ingila damar ratsa ƙasar nan, ita kuma Ingila ta taimaka da horo da kayan aiki. Jam'iyyar hamayya ta Awolowo ta ƙi ta, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi zanga-zanga har cikin harabar majalisa a Ikko cikin Nuwamba 1960, suna cewa an ba da mulkin kai da hannun dama an karɓe da na hagu. Gwamnati ta kare yarjejeniyar, majalisa ta amince da ita, amma surutu bai kwanta ba, har aka soke ta cikin Janairu 1962. Abin lura a nan shi ne, magana ce ta soja, amma a majalisa da jaridu aka yi ta, aka kuma gama ta ba tare da wani mai kaki ya sa baki ba.

Ayyukansa

Soke yarjejeniyar nan ya sa ma'aikatarsa ta buɗe ido ta nemi abokai a wurare dabam dabam, don kada ƙasa ta dogara ga ƙofa ɗaya. Cikin 1964 aka kafa manyan abubuwa uku waɗanda har yanzu suna nan. Na ɗaya, Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe cikin Fabrairu, da taimakon hafsoshin Indiya, don a daina dogara ga Sandhurst da sauran makarantun Ingila. Na biyu, rundunar sojan sama, wadda majalisa ta yi wa doka cikin Afrilu, Jamus ta Yamma ta aiko da masu horo. Na uku, masana'antar ƙera bindigogi da harsashi a Kaduna, ita ma da hannun wani kamfanin Jamus. A wannan shekara kuma aka naɗa Komodo Wey ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci sojan ruwa. An gina sababbin barikoki, an gyara tsofaffi, rundunar ƙasa ta ƙaru har ta kai wajen mutum dubu goma. Kowace shekara shi ke tsayawa gaban majalisa ya kare kasafin kuɗin waɗannan ayyuka, kuma tsohon ma'aji ba ya rasa amsa in an zo maganar lissafi.

A zamaninsa ne kuma sojan Nijeriya suka yi suna a waje. Daga ƙarshen 1960 har tsakiyar 1964 bataliyoyinmu suna karɓa-karɓa a Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, har a 'yan watannin ƙarshe aka ba Aguiyi-Ironsi shugabancin rundunar Majalisar gaba ɗaya. Cikin Janairu 1964 sojan Tanganyika suka yi bore, Shugaba Nyerere ya nemi Ingila ta kwantar da shi, daga baya aka roƙi Nijeriya ta aika da bataliya ta karɓi Turawan. Aka aika da bataliya ta uku. Watau a wannan shekara ƙasashen Afirka suna ganin sojanmu su ne abin misali wajen ɗa'a da biyayya ga gwamnati.

Babban aikin da ya fi cin lokacinsa shi ne maye gurbin hafsoshin Turawa da 'yan ƙasa. Cikin shekara biyar aka tashi daga hafsoshi 'yan ƙasa 'yan gommai zuwa wajen ɗari biyar. Abin alfahari ne, amma yana da nasa lahani. Saurayin da a Ingila zai shekara goma sha biyar kafin a ba shi bataliya, a nan sai ya same ta cikin rabin wannan lokaci. Waɗanda suka zo a baya kuma suka tarar duk kujerun sama matasa ne a kai, ba ranar da za su tashi. Runduna ta yi tsawo da sauri, amma al'adar biyayya ga farar hula ba ta yi saiwa daidai da tsawon ba.

Maganar rabon gurabe

Cikin 1961 ma'aikatarsa ta kawo ƙa'idar da har yau a ke gardama a kanta. Aka ce daga yanzu in za a ɗauki masu koyon aikin hafsa, rabi za su fito daga Jihar Arewa, rubu'i daga Gabas, rubu'i daga Yamma. Da aka yanki Jihar Tsakiyar Yamma cikin 1963 sai aka ba ta kashi 4 cikin ɗari daga rabon Yamma. Manyan Arewa suka shiga zagaya makarantun sakandare suna jawo hankalin samari su shiga soja. Ƙaramin ministan soja, Alhaji Ibrahim Tako Galadiman Bida, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a wannan fanni.

Hujjar Ribadu a bayyane ta ke. Rundunar ƙasa, in ana so kowa ya amince da ita, dole kowane sashe ya ga ɗansa a cikin masu ba da umurni. In hafsoshi duk daga gefe ɗaya su ke, sauran ƙasa za su kwana da ido ɗaya a buɗe. Masu suka kuwa suka ce an sa siyasa cikin aikin da ya kamata a bar wa cancanta, an bar mai sakamako mai kyau a waje an ɗauki wanda bai kai shi ba. A nan kwalejinmu, inda mu ke zaune da 'yan kowace kusurwa ta Nijeriya, na san in aka buɗe wannan zance a ɗakin cin abinci ba za a tashi da wuri ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ƙa'idar ta gyara wani rashin daidaito na ainihi, ta kuma sa hafsoshi suka riƙa duban juna da idon jiha, kowa yana lissafin wa aka ƙara wa girma, daga ina ya fito. Har yau ƙasar nan ba ta bar wannan hanya ba, gama tsarin mulkin 1979 da na 1999 duk sun ce a duba kowane sashe wajen ɗaukar soja.

Kwanakin gwaji

Cikin Janairu 1963 waɗansu tsofaffin soja suka kashe Shugaba Olympio na Togo, ƙasar da ke nan kusa da mu. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta faɗi a Kwango Barazabil da Dahomey, soja na da hannu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A cikin gida ma al'amura ba su kwanta ba. An kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma cikin 1962, an yi rigimar ƙidayar jama'a, ma'aikata sun yi babban yajin aiki cikin Yuni 1964, a ƙarshen shekarar kuma aka tura soja ƙasar Tibi don kwantar da tarzomar da asalinta siyasa ce. Duk ran da gwamnati ta aiki soja su gyara abin da 'yan siyasa suka ɓata, tana koya musu ne cewa ba ta iya tsayawa sai da su. Wannan nauyi yana kan gwamnatin duka, Ribadu kuwa yana cikinta, ba za a cire shi ba.

Gwaji mafi girma ya zo da zaɓen tarayya na ran 30 ga Disamba 1964. Ƙawancen jam'iyyun hamayya suka ce an yi musu maguɗi tun wajen tsai da 'yan takara, suka ƙaurace wa zaɓen a wurare da yawa. Shugaban Ƙasa, Dokta Azikiwe, ya ƙi kiran Abubakar ya kafa gwamnati. Ƙasa ta kwana biyar ba a san inda aka dosa ba. Tsarin mulkin Jamhuriya na 1963 ya kira Shugaban Ƙasa babban kwamandan askarawa, saboda haka ya kira shugabannin runduna, watau Manjo Janar Welby-Everard na sojan ƙasa, da Komodo Wey, da Sufeto Janar na 'yan sanda Louis Edet. Su kuwa sun riga sun nemi shawarar masana shari'a, aka nuna musu cewa bisa dokokin da suka kafa rundunoninsu, umurnin aiki daga Firayim Minista da Majalisar Ministoci ya ke fitowa, sunan da aka ba Shugaban Ƙasa na girmamawa ne. Suka tsaya kan abin da doka ta ce. Manyan alƙalai suka shiga tsakani, ran 4 ga Janairu 1965 Azikiwe ya kira Abubakar ya kafa gwamnatin da za ta haɗa kowa.

Mutum yana iya ganin zaɓen nan bai yi kyau ba, kuma da wuya a sami mai tarihin da zai wanke shi. Amma a wannan mako soja sun yi abin da a ke bukata gare su: sun tambayi doka, sun bi ta, sun bar 'yan siyasa su warware rigimarsu. Sai dai ƙananan hafsoshi sun ga abin da ya faru. Sun ga manyan ƙasa biyu kowa yana neman soja su tsaya a bayansa, waɗansunsu kuwa suka fara tunanin cewa ashe makullin ƙasa a bariki ya ke.

Wata ɗaya bayan wannan, wa'adin Welby-Everard ya cika, ya zama tilas a naɗa ɗan ƙasa. Birgediya huɗu ne a ke dubawa: Aguiyi-Ironsi, da Ademulegun, da Ogundipe, da Zakariya Maimalari. Kowannensu yana da masu goyon bayansa a cikin manya. Masu tarihi da yawa sun rubuta cewa Ribadu ya tsaya kan Ironsi, wanda ya fi sauran daɗewa a babban muƙami, ya kuma riga ya shugabanci runduna a Kwango. Ironsi Ibo ne daga Jihar Gabas, inda jam'iyyar Ribadu ba ta da ko kujera ɗaya, kuma an yi naɗin nan makonni kaɗan bayan rigimar zaɓe. Wanda ke ɗaukar Ribadu mai son Arewa kaɗai ne, ya kamata ya sa wannan a ma'auni tare da maganar rabon gurabe.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Ran 1 ga Mayu 1965 Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Ribadu rasuwa, yana da shekara wajen 55, a ranar da aka shirya Sardauna zai ba shi lambar girma a Kaduna tare da Firayim Minista. Aka ba Alhaji Inuwa Wada ma'aikatar tsaro. Cikin Oktoba aka yi zaɓen Jihar Yamma, wanda ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Ran 15 ga Janairu 1966, wata takwas da rabi bayan rasuwarsa, waɗansu manjoji suka yi juyin mulki. Aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola da Okotie-Eboh. Aka kashe manyan hafsoshi, cikinsu har da Maimalari da Ademulegun da Kur Muhammad da Shodeinde da Largema da Pam da Unegbe. Ministocin da suka rage suka miƙa mulki ga Ironsi. Cikin Yuli aka yi juyi na biyu, shi ma aka kashe shi, daga 1967 zuwa 1970 kuma aka yi yaƙin basasa.

Na sha jin dattawa suna cewa da Ribadu yana da rai da ba a yi juyin mulkin nan ba, don hafsoshi suna shakkarsa, kuma yana da kunne a kowane bariki. Wannan sanin gaibu ne, sai Allah. Amma maganar tana nuna mana wani abu. In har zaman lafiyar runduna ya rataya ga kwarjinin mutum ɗaya, to, ginin bai gama ƙarfi ba, domin mutum mai mutuwa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Jamhuriya ta Farko kuwa ya riga ya tsage ta wajen zaɓe da ƙidaya da ƙabilanci, abubuwan da minista ɗaya ba ya iya liƙewa.

Soja sun yi mulkin ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, suka komo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, jimla wajen shekara 29. Huɗu daga cikin shugabannin soja, watau Buhari da Babangida da Abacha da Abdulsalami, duk sun shiga aikin ne tsakanin 1961 da 1963, lokacin da Ribadu ke minista. Barikin Dodan kuma, inda shugabannin soja suka zauna suna mulki har aka ƙaura Abuja cikin 1991, yana kan titin da ke ɗauke da sunansa a Ikoyi. Tun 1999 mulki ya komo hannun farar hula, kuma a tsarin da mu ke bi yanzu Shugaban Ƙasa da aka zaɓa shi ne babban kwamanda na ainihi, Ministan Tsaro yana aiki a ƙarƙashinsa, majalisa kuwa ita ke yanka kuɗi.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwan mai koyon aikin malanta da wannan zance. Ruwanmu a ciki babba ne. Duk hafsoshin da na ambata, da waɗanda suka tsaya kan doka da waɗanda suka karya ta, sun zauna a benci gaban wani malami kafin su ga bariki. Yaron da zai riƙe bataliya nan da shekara ashirin da biyar watakila yana cikin ajin da za a ba ɗayanmu a zagayen koyon koyarwa mai zuwa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In ya tashi ya ga a makaranta mai ƙarfi shi ke cin abincin ƙanana, ya ga an zaɓi shugaban ɗalibai da son kai, ya ga malami yana fifita ɗan garinsu, to, da wannan karatu zai shiga soja. In kuwa ya saba ganin doka tana hawa kan babba da yaro, ya kuma san tun yana ƙarami cewa bindigar da ke hannun soja da harajin uwarsa mai sayar da ƙosai aka saye ta, zai yi wuya a ruɗe shi ya juya ta kan gwamnatin da jama'a suka zaɓa.

Ina roƙon waɗanda za su koyar da tarihi da ilmin zaman ƙasa su sa labarin mutumin nan cikin darussansu, su faɗi ayyukansa, su faɗi inda a ke sukarsa, su bar yara su yi muhawara. Ya karɓi rundunar da baƙi suka kafa don su mallake mu, ya yi shekara kusan biyar yana ƙoƙarin mai da ita ta 'yan ƙasa, kuma har ya koma ga Ubangijinsa ba ta taɓa ɗaga hannu ga gwamnati ba. Allah ya jiƙan Alhaji Muhammadu Ribadu, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.